ƘAFAR HAGU ITA CE DIREBA: YADDA SAMARIN DURUMI SU KE KOYON CANJA GIYA

Duk wanda ya yi sammako ya bi ta unguwar Durumi a Abuja, bayan an idar da sallar asuba kafin hanya ta cika, da wuya ya rasa cin karo da wata tsohuwar mota mai jan harafin "L" gaba da baya, tana tafe tana zabura kamar dokin da ya ji baƙon mahayi. Ta yi gaba kaɗan, ta yi tsalle biyu, sa'an nan injin ya mutu. A ciki kuwa ga saurayi ya ƙanƙame sitiyari da hannu biyu, gumi yana keto masa duk da sanyin safiya, maigidansa yana gefe yana cewa, "Sake tayarwa, yaro. Saki kuloci a hankali, ba korarka a ke yi ba."

Masu wucewa su kan yi dariya, amma ga shi yaron abin ba na dariya ba ne. Abincinsa na gobe yana ƙarƙashin ƙafarsa ta hagu.

Durumi tana gefen babbar hanyar Nnamdi Azikiwe, daura da Area 1 ta Garki, tana maƙwabtaka da Gudu. Tun kafin gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar mayar da babban birnin tarayya Abuja a watan Fabrairu 1976, ƙasar Gbagyi ce, waɗanda Hausawa su ke kira Gwari. Bayan da gwamnati ta taso daga Ikko a ranar 12 ga Disamba 1991, sai birni ya yi ta matsowa, har ya zama manyan gidaje masu katanga da ɗakunan kwano na talakawa suna kallon juna. Daga shekarar 2014 kuma, mutanen da rikicin Boko Haram ya koro daga Jihar Barno, musamman daga ƙasar Gwoza, suka sauka a nan suka kafa sansani.

Saurayin da ya tashi a irin wannan wuri ba tare da takardar makaranta mai zurfi ba, sana'o'in da ke gabansa ba su da yawa. Acaɓa an hana shi a tsakiyar birni tun 2006, zamanin da Malam Nasiru el-Rufa'i ya ke Ministan Abuja. Leburanci kuwa yau akwai gobe babu. Saboda haka da yawa daga cikinsu idonsu yana kan tuƙi.

DON ME SAI MAI GIYAR HANNU?

Mai karatu zai iya tambaya, ina dalilin wannan wahala, alhali kuwa yawancin motocin shiga da a ke gani a titunan Abuja yanzu masu canja giya da kansu ne, waɗanda a ke kira otomatik? Amsar ita ce, motar neman kuɗi daban ta ke da motar zuwa ofis. Bas-bas, da a-kori-kura, da tifa, da yawancin manyan motocin dakon kaya, da tasi masu yawa, har yanzu na giyar hannu ne. Masu su sun fi son su domin gyaransu ya fi sauƙi, kusan kowane bakanike a Apo yana iya kwance giyabos ɗinsu ya ɗaura. Bugu da ƙari, idan batir ya mutu a daji, mutum uku sun isa su tura ta a sa giya ta biyu ta tashi, abin da ba ya yiwuwa ga otomatik.

Wanda ya ƙware a giyar hannu, wuni ɗaya ya ishe shi ya saba da otomatik. Wanda ya soma da otomatik kuwa, ranar da aka miƙa masa makullin bas sai ya koma ɗan koyo. Don haka ne a Ingila, wanda ya ci jarrabawar tuƙi da otomatik, lasin da a ke ba shi bai yarje masa tuƙa mai giyar hannu ba.

ABIN DA KE FARUWA A CIKI

Yawancin 'yan koyo suna wahala ne domin an ce musu su taka su saki, ba a gaya musu abin da su ke takawa ba. Injin mota ba ya da ƙarfi sai yana juyawa. Ko mota tana tsaye, injin ƙaramar mota yana juyawa kimanin sau 800 a minti guda. Tayoyi kuwa suna tsaye cik. Idan aka haɗa mai gudu da na tsaye farat ɗaya, ɗayan biyu ne: ko motar ta yi tsalle, ko injin ya mutu.

Kuloci shi ne mai shiga tsakani. A kwatanta shi da faifai biyu da aka haɗa fuskokinsu, ɗaya yana manne da inji, ɗaya da giyabos, ƙarfe mai tsananin matsi yana danne su. Idan direba ya taka kuloci har ƙasa, ya raba su ke nan, inji yana juyinsa shi kaɗai. Idan ya ɗaga ƙafa a hankali, sai su soma gogar juna, mai gudu yana jan na tsaye sannu sannu har gudunsu ya zo ɗaya, sa'an nan su kama juna gam.

Giyabos kuwa akwati ne cike da ƙarafa masu haƙora, manya da ƙanana, suna cikin mai. A giya ta ɗaya, a yawancin ƙananan motoci, inji ya kan juya kimanin sau uku da rabi kafin sandar da ta fito daga akwatin ta juya sau ɗaya. Wannan shi ke ba da ƙarfi mai yawa da gudu kaɗan. A motoci irin Fijo 504, giya ta huɗu juyi ɗaya ne da ɗaya. Giya ta biyar kuwa, a motocin da su ke da ita, sandar ta fi injin gudu, don haka ita ce ta doguwar hanya. Mai turin kura ya san wannan ba tare da an koya masa ba: in ya ɗauko jarkokin ruwa zai hau tudu, gajeren taku ya ke yi mai ƙarfi, in ya sami miƙaƙƙiyar hanya sai ya buɗe ƙafa.

DARASIN FARKO

Abin takawa uku ne a gaban direba. Na hagu kuloci, na tsakiya birki, na dama totur. Ƙafar hagu ba ta da wani aiki sai kuloci, ta dama ita ke kai da komowa tsakanin birki da totur.

Gwanayen masu koyarwa ba su barin yaro ya taɓa totur a ranar farko. Su kan kai shi fili shimfiɗaɗɗe inda babu yara babu dabbobi, ya taka kuloci har ƙasa, ya sa giya ta ɗaya, ya sauke birkin hannu, sa'an nan ya rinƙa ɗaga ƙafa kaɗan kaɗan. Akwai wani wuri da ƙarar inji za ta yi ƙasa, gaban motar ya ɗan yi rawa. Nan ne kuloci ya soma kamawa. Idan ya riƙe ƙafarsa a nan na ɗan lokaci, sai motar ta soma rarrafe da kanta. Idan ya fizge ƙafar, ta mutu.

Wannan wuri kowace mota da nata. Wata tana kamawa a ƙasa, wata sai ƙafa ta kusa ɗagowa duka. Don haka ko tsohon direba, in ya shiga baƙuwar mota, ya kan fara laluben inda kulocinta ya ke kamawa kafin ya hau titi. Ɗan koyo kuwa sai ya maimaita tashi da tsayawa sau ashirin, sau talatin, har ƙafar ta haddace ba sai da tunani ba. Da koyo a kan iya. Sai bayan nan a ke ƙara masa totur kaɗan, a nuna masa cewa ƙafafun biyu kamar ma'aunin sikeli su ke: hagu tana tasowa, dama tana sauka.

CANJIN DA FASINJA BA YA JI

Tsofaffin direbobi suna auna gwani da fasinjansa. In mai barci a baya bai farka ba, in kan mutane bai yi gaba ya komo baya ba, to, an canja giya yadda ya kamata. Matakan huɗu ne, kuma kowane yana shiga cikin na gabansa. A ɗaga ƙafa daga totur a daidai lokacin da a ke taka kuloci har ƙasa. A fitar da sandar giya zuwa tsakiya, watau firi, a ɗan saurara kamar ƙiftawar ido. A tura ta gidan da a ke so. Sa'an nan a saki kuloci a hankali a na mayar da totur.

Ɗan koyo ya kan damƙe kan sandar kamar zai karya ta. Wannan kuskure ne. Tafin hannu a ke sa mata a yi mata jagora. A motar da ke da giya biyar, in aka bar sandar a firi, da kanta ta ke komawa daidai layin ta uku da ta huɗu. Saboda haka mai zuwa ta ɗaya da ta biyu ya kan ɗan jawo ta hagu, mai zuwa ta biyar ya tura ta dama, mai zuwa ta uku daga ta biyu kuwa ya bar ta ta sami tsakiya da kanta sa'an nan ya tura gaba. Ido kuma yana kan hanya. Direban da ke duban sandar giya a shataletale, Allah ne kaɗai ke tsare shi.

Yaushe a ke canjawa? Kunne shi ne alƙali. In inji ya soma ihu, yana neman a ƙara giya. In ya soma kakkarwa yana gurnani kamar an shaƙe shi, yana neman a rage. A motar fetur mai agogon juyin inji, tsakanin 2,000 da 2,500 shi ne lokacin ƙari a tafiya ta yau da kullum. Giya ta ɗaya ta tashi ce kawai, da mota ta motsa tsawon jikinta biyu ko uku sai a shiga ta biyu.

Dalilin fizgar da a ke ji shi ne saɓanin gudu. In aka tashi daga ta biyu zuwa ta uku, inji yana bukatar ya ɗan sauko, wannan ɗan sauraren da a ke yi a firi shi ke ba shi dama. In kuwa aka sauko daga ta huɗu zuwa ta uku, inji yana bukatar ya ƙara gudu, don haka gwani ya kan ɗan taɓa totur kafin ya saki kuloci. Wanda ya fahimci wannan ya gama rabin karatu.

Sauran rabin yana kan tudu. Babu abin da ke tsorata ɗan koyo kamar cunkoso a kan hawa, ga mota ta matso bayansa tana hon. Hanyar da ta fi aminci ita ce ta birkin hannu. Ya ja shi ya tsaya. In lokacin tashi ya yi, ya sa ta ɗaya, ya ba da totur kaɗan, ya ɗaga kuloci har ya ji motar tana neman tafiya, sa'an nan ya sauke birkin. Ba za ta koma baya ko taƙi guda ba.

HASARAR DA ƘAFA KE JAWOWA

Farantin kuloci yana ci ne a lokacin da ya ke goga kawai. Direban da ke ɗora ƙafa a kan kuloci yana tafiya, ko mai riƙe mota a kan tudu da rabin kuloci maimakon birki, yana ƙona shi ne da kansa, kuma hanci ya kan ba da shaida, domin wari ya ke yi kamar na ƙonannen fata. Haka nan ɗora hannu a kan sandar giya a na tafiya yana cinye ƙarafan da ke tura giya a cikin akwati. Sa ribas kafin mota ta tsaya cik kuwa shi ke kawo wannan ƙara mai tayar da tsikar jiki, domin a motoci da yawa ribas ba ta da abin daidaita gudu irin na sauran giyoyi.

Alamar kuloci ya ƙare ita ce a taka totur inji ya yi ihu amma mota ba ta ƙara gudu ba, musamman a kan hawa da lodi. Sauya shi kuwa sai an sauke giyabos ɗungurungum. Ga kuɗin kaya, ga kuɗin aiki, ga wuni guda a gareji ba a nemi ko sisi ba, mai mota kuma yana jiran balas ɗinsa da yamma. Sabon direban da ya ƙona kuloci cikin wata biyu, da wuya a sake ba shi makulli, kuma labari a tasha ba ya kwana.

Ga kuma batun mai. Tun ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya kuma ta ƙara hawa. Direban da ke jan mota a giya ta biyu inda ta uku ko ta huɗu ta dace, ribarsa ce ta ke fita ta salansa.

GANGARA BA TA SON FIRI

Akwai wata muguwar ɗabi'a da 'yan koyo su ke gado daga wasu iyayen gidansu, watau sa mota a firi a gangara, wai don tsimin mai. Wasu har kashe injin su ke yi. Wannan ganganci ne da rai. Mota tana cikin giya, in aka ɗaga ƙafa daga totur, injin da kansa ya ke riƙe ta. In aka fitar da ita, nauyin duka ya koma kan birki, birki kuwa in ya yi zafi ƙwarai ya kan daina kamawa. In kuma an kashe inji, birki ya kan yi tauri, sitiyari ya yi nauyi, babbar mota mai birkin iska kuma ta daina tara iska.

Tsimin ma babu shi a motocin zamani. Waɗanda na'ura ke auna musu mai su kan yanke man gaba ɗaya in suna gangara cikin giya ba a taka totur ba, alhali a firi dole inji ya sha mai don kada ya mutu. Duk wanda ya san gangaren Kugbo a kan hanyar Nyanya, ko Hawan Kibo a kan hanyar Jos, ya san abin da babbar mota ta ke yi in ta ƙwace. Ƙa'idar tsofaffi ita ce: giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka, kuma a sa ta tun kafin a soma gangarawa.

DA DA YANZU

Samarin yau sun sami sauƙi in aka kwatanta da iyayensu. Tsofaffin manyan motoci ba su da abin daidaita gudun haƙoran giya, wanda kamfanin Cadillac na Amurka ya fara sa wa motocinsa a 1928, amma ya daɗe bai game motocin kaya ba. Direban irin waɗannan motoci sai ya taka kuloci sau biyu a kowane canji: ya taka ya fito firi, ya saki, in saukowa zai yi ya ba da totur, ya sake takawa ya shiga. In ya kuskure, duk garin sai ya ji. Yaron mota ya kan yi shekaru yana wanki, yana ɗaure lodi, yana tsalle ya sa wa taya waiji a kan tudu, kafin maigidansa ya yarda ya matsar da mota a cikin tasha. Direba a wannan zamani mutum ne mai daraja, har makaɗa irin marigayi Alhaji Mamman Shata sun yi wa direbobi waƙa.

A ranar 2 ga Afril 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama irin na maƙwabtanta Nijar da Cadi da Kamaru da Dahomey. Da motoci masu sitiyari a hagu suka maye gurbin tsofaffi, direbobin da suka saba canja giya da hannun hagu sai da suka koya wa hannun dama. A 1975 kuma kamfanin Fijo ya soma harhaɗa motoci a Kaduna, 504 ta zama motar gwamnati da ta haya, kuma a kanta dubban direbobin Arewa suka koyi hannu. Yayarta 404 kuwa, sandar giyarta a jikin sitiyari ta ke.

DOKA

Koyo a hannun maigida yana da amfani, amma ba ya ba da lasin. Doka ta ce sai mutum ya cika shekara 18, ya bi ta makarantar koyon tuƙi wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya ta amince da ita, watau hukumar da aka kafa a 1988 Farfesa Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko. Wajibi ne ɗan koyo ya sami takardar izinin koyo, ya maƙala harafin "L", kuma kada ya tuƙa sai da mai lasin a gefensa. Daga nan sai jami'an duba motoci, waɗanda a ke kira VIO, su gwada shi. Gudun da aka ƙayyade a cikin gari kuwa kilomita 50 ne a awa.

Ya kamata iyaye da masu motoci su lura da wannan. Lasin da aka saya ta bayan gida ba ya koya wa ƙafa kome, kuma ranar da motar ta ƙwace da fasinja goma sha takwas, takardar ba za ta taka birki ba. Masu hali da ƙungiyoyin da ke taimakon 'yan gudun hijira, in suka biya wa saurayi kuɗin makarantar tuƙi da na lasin, sun ba shi abin da zai ci har tsufa.

A Amurka motoci masu giyar hannu sun zama ƙalilan ƙwarai cikin sababbi, motocin lantarki kuma ba su da kuloci ko kaɗan. Wata rana canjin zai iso tashoshinmu. Amma kafin sa'an nan, bas ɗin da ke ɗaukar ma'aikata, da tifar da ke kai yashi, da motar da ke kawo doya da tumatir kasuwa, duk suna jiran mai ƙafar hagu mai hankali.

A filin Durumi kuwa, rana ta soma zafi. Tsohuwar motar nan ta tashi ba tsalle, ta shiga ta biyu, ta shiga ta uku, maigidan bai ce uffan ba, sai da suka zagayo ya ce, "To, gobe sai tudu." Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kiyaye hanya, amin.